Rahoton Ayyukan Shekara ga 'Yan Ƙungiya: Darussan Share Fagen Adabi ga Ɗaliban Turanci a Sakkwato

Malam Shugaba, iyayen ƙungiya, malamai maza da mata, da ƙannenmu ɗalibai, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Kamar yadda tsarin mulkin ƙungiya ya ɗora wa ofishin sakatare, ga bayanin abin da muka gudanar tun daga babban taron bara zuwa yau. Lissafin shiga da fitar kuɗi yana hannun ma'aji, kuma shi zai karanta shi da bakinsa, saboda haka wannan rahoto ya tsaya a kan aikin koyarwa, wanda shi ne ya ci mafi yawan lokacinmu da guminmu.

Za ku tuna cewa a wancan taro an yanke shawarar buɗe ajin Asabar domin ɗaliban manyan azuzuwan sakandare masu shirin rubuta adabin Turanci a jarrabawar WAEC da NECO da JAMB, tare da sababbin ɗaliban Turanci na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da na Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari waɗanda suke son share fage. Abin da ya jawo shawarar shi ne koken da malamai suka daɗe suna yi, cewa ɗalibi yakan haddace ma'anar kalmomin nazari da Turanci tsaf, amma idan aka ajiye masa waƙar da bai taɓa gani ba, irin wadda takardar farko ta WAEC take kawowa, sai ya yi zuru kamar an aiki bawa garinsu bai san hanya ba. Kwamitin koyarwa ya ɗauki ƙa'ida guda, cewa ba za a gabatar da wata kalmar nazari da Turanci ba sai an fara nemo abin da take nufi a cikin adabin da yaron ya tashi da shi a gida da makarantar allo da dandali, daga nan a haye da shi zuwa na Turawa.

Mun fara da rabe-raben adabi, kuma wannan bai ɗauke mu lokaci ba. Manhajar jarrabawa ta kasa adabi gida uku, wato zube da waƙa da wasan kwaikwayo, ta kuma raba kowane gida tsakanin marubutan Afirka da waɗanda ba 'yan Afirka ba. Kason nan uku shi ne wanda suka riga suka sani a darasin Hausa. Abin da muka ƙara musu shi ne bambancin adabin baka da rubutacce, da kuma bambancin ƙagaggen zube da zuben da ba ƙagagge ba, kamar tarihin rayuwa da maƙala.

A zube ne muka fara cin karo da babbar matsala, wato rikita jigo da zubin labari. Idan aka tambayi ɗalibi jigo, sai ya kama labarin daga farko ya kwarara shi har ƙarshe, alhali masu duba jarrabawa sun sha kokawa da cewa maimaita labari ba ya kawo maki. Wata Asabar wani yaro da ke zuwa daga Kware ya yi kusan minti goma yana zayyana wani gajeren labari da muka ba su, bai bar ko sunan jakin da ke ciki ba. Malamar da ke riƙe da ajin ta bari sai da ya gama, sa'annan ta ce masa: "Ƙanena, idan ka koma gida Inna ta tambaye ka a kan me wannan labari yake magana, ga shi kuma tukunyarta tana kan wuta, me za ka ce mata?" Ya yi shiru, can ya ce: "Malama, sai in ce a kan kwaɗayin gado ne, da yadda yake raba 'yan uwa." Ta ce masa wannan shi ne jigo, abin da ya kwashe minti goma yana faɗa kuwa shi ne zubi, wato yadda aka jera aukuwa bayan aukuwa har rikici ya kai ƙololuwa aka warware shi. Tun daga ranar "tukunyar Inna" ta zama kalmar aji, kuma ina ganin ta yi aikin da shafi uku na bayani bai yi ba.

Tatsuniya ta taimake mu wajen bayanin taurari, amma ta fuskar saɓani. Gizo na jiya shi ne Gizo na yau, wayonsa da haɗamarsa ba sa ƙaruwa ba sa raguwa, Ƙoƙi kuma tana nan inda aka bar ta. Babban tauraron ƙagaggen labari yakan shiga littafi da hali ɗaya ya fita da wani, kuma wannan sauyi ne mai jarrabawa yake son a bi sawunsa da hujja daga cikin littafin. Mun kuma nuna musu muryar mai ba da labari, ko mai cewa "ni" ne wanda bai san abin da ke zuciyar kowa ba sai tasa, ko kuwa mai gani daga sama ne wanda ya san sirrin kowa, da dabarar waiwaye inda marubuci yake yanke labari ya koma baya. Don kada su ɗauka ƙagaggen labari abin Turawa ne kaɗai, mun tuna musu cewa gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933 ƙarƙashin Rupert East ita ta haifar da ƙagaggun labaran Hausa na farko na boko, shekara ashirin da biyar kafin Chinua Achebe ya fitar da littafinsa na farko a 1958.

Waƙa ita ta ci rabin shekarar, kuma a nan ne ƙa'idarmu ta fi yin amfani, a nan ne kuma ta fi nuna iyakarta. Wajen adon harshe ba mu sha wahala ba, domin yaron Sakkwato da ya tashi yana jin makaɗan fada irin su Ibrahim Narambaɗa da Salihu Jankiɗi yana da misalai fiye da na littafi. Idan mawaƙi ya ce sarki kamar giwa yake, ko ya ce "awa giwa" da harshenmu na nan, kamantawa ya yi. Idan ya zubar da "kamar" ya kira shi giwa kai tsaye, siffantawa ke nan. Kirari kuwa cike yake da kambamawa, wato zuzuta abu fiye da yadda yake. Sakaya zance kuwa kullum muna yin ta idan muka ce wane ya riga mu gidan gaskiya. Wanda ya fi ba ɗalibai dariya shi ne gatse, domin babu wanda uwarsa ba ta taɓa ce masa "sannu da aiki, ɗauko ɗayan ma ka fasa" ba bayan ya fasa mata kwano. Ire-iren waƙa ma sun zo da sauƙi. Waƙar makoki ta Turawa ita ce marsiyya, kuma ba sai mun je Ingila neman misali ba, tunda Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864 kuma ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta yi wa 'yan uwanta da dama marsiyya, ciki har da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da ya rasu a 1837. Madahu da wa'azi da zambo duk suna da takwarorinsu a can.

Tsarin baiti ma ya hau. Waƙar da Turawa suke kira sonet ɗango, wato layi, goma sha huɗu ce. Ta Italiya, wadda aka fi dangantawa da Petrarch na ƙarni na 14, takan kasu takwas da shida, ta Ingila kuwa baiti uku ne 'yan ƙwar huɗu sai ɗan ƙwar biyu ya rufe, kuma irin wannan ce Shakespeare ya yi guda 154 da aka buga a 1609. Abin da ya ba ɗalibai mamaki shi ne amsa-amo, domin a rubutacciyar waƙar Hausa babban amsa-amo guda ne ake riƙewa daga mabuɗi har marufi, alhali Bature yakan sauya nasa daga baiti zuwa baiti, shi ya sa ake yi masa lamba da haruffa.

Inda gada ta karye shi ne karin waƙa, kuma wajibi ne in faɗa wa wannan taro cewa kuskuren namu ne, mu 'yan kwamiti. Mun ɗauka cewa wanda ya san aruli zai fahimci karin Turanci nan take. Aruli, wanda Halilu ɗan Ahmad na Basra ya tsara a ƙarni na 8 kuma malamanmu suka ɗora waƙar Hausa a kansa, yana auna gaɓa ne da tsawo, wannan doguwa wannan gajera. Karin Turanci kuwa dannawa yake aunawa, wace gaɓa ake danna wa murya wace ake sassauta wa, kuma ɗangon da ya fi yawa a wasannin Shakespeare gaɓa goma ne, sassautacciya da dannanna sau biyar a jere, sau da yawa ba tare da amsa-amo ba. Hausa harshe ne mai karin sauti da tsawon wasali, saboda haka kunnen Bahaushe bai saba sauraron dannawa ba. Wata ɗaliba mai zaƙin murya daga Mabera ta ɗauki ɗangon Turanci ta rera shi da muryar da ake rera Ishiriniya, ya kuwa zauna daram, aji ya kaure da tafi, amma da aka ce ta sa alama a kan gaɓoɓin da ake dannawa sai ta sa a kan masu dogon wasali. Mun ɓata makonni kafin muka gane cewa kwatancen da kansa ne yake ɓatar da su. Daga baya muka ajiye aruli gefe, muka koma sauraron karatun masu harshen ta waya, ɗalibai suna buga benci da yatsa duk inda murya ta danna. Ci gaban da aka samu kaɗan ne, kuma a ganina wannan fanni yana nan a matsayin bashi a kanmu.

Wasan kwaikwayo mun taƙaita shi saboda zafin bazara da azumi sun rage halarta. Tashe ya ishe mu misalin kwaikwayo da shiga da 'yan kallo, domin yaron da ya manna gemun auduga ya ɗauki sanda yana rangaji ya riga ya san abin da ake nufi da zama wani. Kashi da fitowa, wato manya da ƙananan sassan wasa, da umarnin dandali sun wuce ba gardama, haka nan zancen zuci da tauraro yake yi a bayyane idan ya kaɗaita. Muhawara ta tashi a kan wasan da ke ƙarewa da faɗuwar babban mutum, wanda Aristotle na Girka ya yi bayaninsa tun ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. Da yawa daga cikin ɗalibai sukan rubuta cewa ƙaddara ce ta faɗa wa tauraron, su ajiye alƙalami. Ɗaya daga cikin iyayen ƙungiya, wanda malamin Larabci ne, shi ya raba gardamar, inda ya ce musu babu mai jayayya da ƙaddara, amma mai jarrabawa sababi yake tambaya, wato wane hali ne a jikin mutumin, girman kai ko kishi ko gaggawa, ya ja shi zuwa ramin. Akwai kuma yanayin da 'yan kallo suka san abin da tauraro bai sani ba, wanda har yau ba mu daidaita a kan sunansa da Hausa ba. Wasu sun ce a kira shi gatsen dandali, wasu sun ce gatse sai da niyyar mai magana, kuma ni ina tare da na biyun. Saboda wasu iyaye sun nuna rashin amincewa da 'ya'yansu mata su hau dandali, mun mayar da aikin karatu a zaune, kowa da muryar tauraronsa, kuma bai rage komai daga fahimta ba.

Ziyara ɗaya muka samu yi, zuwa gidan adana tarihi da al'adu na Waziri Junaidu, inda ɗalibai suka ga rubuce-rubucen hannu na Larabci da ajami. Da yawansu a garin nan aka haife su amma ba su taɓa shiga ba.

Matsalolinmu ba ɓoyayyu ba ne. Makarantar da ta ba mu aron aji ta karɓe makullinta a tsakiyar zango ba tare da sanarwa ba, muka yi Asabar biyu a ƙarƙashin dogon yaro kafin wani ɗan ƙungiya a Runjin Sambo ya ba mu zaurensa. Littattafan manhaja sun yi tsada, ɗalibai da yawa sun dogara da 'yan ƙananan littattafan taƙaitawa da ake sayarwa a bakin kasuwa, har akan sami wanda ya san sunan kowane tauraro amma bai taɓa buɗe ainihin littafin ba. Masu zuwa daga Kware da Boɗinga kuɗin mota yana yanke musu zuwa. Kuɗin wata-wata na 'yan ƙungiya ma ba ya shigowa yadda ya kamata, amma wannan na bar wa ma'aji.

Kwamitin koyarwa yana neman amincewar wannan taro a kan a tattara kalmomin nazarin da muka yi amfani da su a buga ɗan ƙaramin kundi, Turanci da Hausa gefe da gefe, a kuma sa alama ƙarara a duk inda ma'anar ba ta zo daidai ba, musamman a babin karin waƙa. Yana kuma neman a roƙi malamai biyu, ɗaya daga sashen Turanci ɗaya daga sashen Hausa, su duba kundin kafin a kai shi maɗaba'a. Sauran batu shi ne na zauren Runjin Sambo, wanda mai shi ya ce zai buƙaci abinsa bayan babbar salla, saboda haka muna roƙon duk wanda yake da hanyar samun wani wuri mai benci da allo ya sanar da shugaba kafin a tashi daga wannan zama.