A Riƙa Kawo Mana Tarihin Sarautun Musulmin Indiya

Assalamu alaikum Edita, barka da aiki, Allah ya ƙara basira.

Abin da ya sa na rubuto wasiƙar nan gardama ce ta ɓarke a majalisarmu wajen mai shayi, ana cikin hirar finafinan Indiya sai na ce ai Saif Ali Khan jinin sarauta ne ta wajen kakarsa, 'yar sarkin Bhopal na ƙarshe ce, kuma masarautar nan mata huɗu Musulmi ne suka riƙe ta kusan shekara ɗari. Wallahi Edita sai aka yi min caa, wani dattijo har ya ajiye kofinsa ya ce "kai yaro, a wace duniyar?" Abin ya tsaya min a rai, mun haddace sunayen jarumai da waƙoƙinsu amma tarihin 'yan uwanmu Musulmi na can ko ɗigo.

Bhopal dai a tsakiyar Indiya take, wani mayaƙi ɗan ƙabilar Pashtun mai suna Dost Muhammad Khan ne ya kafa ta bayan rasuwar Aurangzeb, sarkin daular Mughal ta Indiya, a 1707. A 1818 ta shiga ƙarƙashin kariyar Turawan Ingila, sarki na kan gadonsa Bature na gefe, mu nan Arewa ba sai an yi mana bayanin wannan tsarin ba. A 1819 sarki ya rasu sanadin harbin bindiga, matarsa Qudsia Begum mai shekara 18 ta miƙe gaban manyan fada ta karɓi riƙon ƙasa a madadin 'yarta jaririya. 'Yar tata Sikandar ta karɓi riƙo a 1844 bayan mijinta ya yi shekara bakwai yana mulki, mace mai hawan doki da zaga ƙauyuka da kanta, ta je Hajji a 1864 ta dawo ta rubuta labarin tafiyar. Gaskiya ta goyi bayan Turawa a boren da Indiyawa suka yi musu a 1857, wannan kam ba zan yabe ta a kai ba.

'Yar Sikandar da ta gaje ta, Shah Jahan Begum, ita ta fara gina katafaren masallacin Tajul Masajid, kuma da kuɗinta aka gina masallacin Woking a Ingila a 1889. Mijinta kuwa malamanmu sun san shi sarai, Siddiq Hasan Khan mai tafsirin Fathul Bayan, amma nawa ne cikin ɗalibai suka san matarsa ce mai ƙasar?

Wadda ta fi shiga raina ita ce Sultan Jahan, 'yar Shah Jahan, wadda ta yi mulki daga 1901 zuwa 1926. Baiwar Allah nan da lulluɓinta take gudanar da mulki, har Landan ta je bikin naɗin Sarki George na biyar a 1911 a haka, ta buɗe makarantun 'yan mata da asibitoci, ita ce uwar jami'ar Musulmi ta Aligarh ta farko a 1920. Ina da 'ya'ya mata uku, babbar tana aji biyu na babbar sakandare kuma kullum sai an samu mai ce min karatun ya isa haka a yi mata aure, ranar da na ba ta labarin Sultan Jahan shiru ta yi sannan ta ce "Baba me ya sa ba a koya mana wannan?" Ban da Nana Asma'u da Sarauniya Amina ba ta da wani sunan da za ta kama.

Ɗanta Hamidullah ne ya gaje ta, a 1949 aka haɗe Bhopal da Indiya, a 1971 gwamnatin Indira Gandhi ta soke kuɗin da ake ba tsofaffin sarakuna.

Don Allah Edita ku ware mana ko rabin shafi ne duk mako, ku fara da Bhopal sai Hyderabad, ni zan yanko shafin in kai majalisa in miƙa wa dattijon nan hannu da hannu.

Naku mai karatu kullum,
daga Tudun Wada, Zariya