Zuwa Ga Iyaye Da Masu Riƙon Yara: Maganar Dam, Da Sauran Sanarwar Zango Na Uku

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu maza da mata, kakanni, yayye, da duk mai riƙon yaro a wannan makaranta, barkanmu da damina. Ya sanyi, ya laka? Allah Ya nuna mana kaka lafiya.

Na so in buɗe wannan wasiƙa da sakamakon gwajin tsakiyar zango, don 'yan aji huɗu sun fitar da mu kunya a lissafi. Abin da ya faru ranar Alhamis ɗin makon jiya ya ture komai gefe. Na san labarin ya riga takardar nan shiga gidajenku, kuma da gishirinsa ya shiga. Na ji an ce yara biyar ne, na ji an ce wani yana kwance rai hannun Allah. To, ga yadda aka yi.

Yara uku ne, maza, 'yan aji biyar. An tashi makaranta, Alhamis kuma babu Islamiyya, sai suka bi ta bayan lambuna suka nufi tsohon ramin kuzan nan da suke kira dam. Suka tuɓe yunifom, suka jera jakunkuna a kan dutse. Biyu suka tsaya inda ruwa bai wuce gwiwa ba. Na ukun ya ƙara taku biyu, sai ƙasa ta ƙare masa. Wani bawan Allah da ke wanke Keke Napep ɗinsa a can gefe shi ya hangi kai yana nitsewa yana tasowa, ya fizgo gora daga shingen lambu ya miƙa masa. Har yau ba mu san sunansa ba. Duk wanda ya san shi ya kawo mana shi ofis, muna da godiyar da za mu yi masa baki da baki.

Baba mai gadi ne ya lura yaran sun karya hagu a bakin get, alhali gidajensu a dama suke. Bai ce ina ruwana ba. Ya sanar da malamin wasanni, shi kuma ya hau mashin ya bi sawu, ya isa daidai lokacin da ake jawo yaron. Shi ya kwantar da shi ta gefe, ya lulluɓe shi da rigarsa, ya kai shi asibiti. Yaron ya kwana ɗaya an sallame shi, yau ma yana aji. Wasu suna ganin aikin Baba buɗe get ne da rufewa. Ni na daɗe da sanin ya fi wasu masu digiri sanin yaran nan, kuma na faɗa a gaban malamai ranar Litinin. Allah Ya saka musu su biyu da alheri.

Yanzu maganar ramin kansa, don na lura iyaye da yawa, musamman waɗanda ba a nan suka tashi ba, suna ɗaukarsa kamar kududdufin da ruwan sama ya tara. Ba haka yake ba. Tun farkon ƙarni na 20 Turawa suka fara haƙar kuza a wannan tsauni, daga baya aka haɗa da wani ma'adinin da ake kira kwalambait, aka shigo da manyan injina suna yanke ƙasa suna bin jijiyar ma'adini. Kakannin da yawa daga cikinmu wannan aikin ne ya kawo su Jos daga Kano, Katsina, Bauchi da Borno. Da harkar ta ja baya, kasuwar kuza ta duniya kuma ta rushe a 1985, aka watse aka bar ramukan a buɗe, ruwa ya cika su. Su ne kuke gani tun daga Rayfield, Bukuru, har Barikin Ladi.

Kogi yana da gaɓa, mutum yana shiga a hankali ruwa yana hawa masa. Ramin inji ba shi da wannan. Bangonsa a tsaye yake kamar na rijiya, wasu kuma zurfinsu ya fi tsayin bene. Taku ɗaya ne tsakanin ruwan gwiwa da inda ƙafa ba ta taɓa komai. Gefen yumɓu ne mai santsi, wanda ya zame ba ya samun abin kamawa. Ƙasan laka ce da ke riƙe ƙafa. Sannan ga sanyi: garinmu yana sama da mita 1,200 daga teku, rana tana ɗumama saman ruwan kaɗan, ƙasansa kuwa kamar ƙanƙara. Jikin da ya faɗa irin wannan sanyi farat ɗaya yakan ja numfashi ba da son ransa ba, kuma in kai yana cikin ruwa a lokacin, ruwa ne zai ja. Shi ya sa har wanda ya iya iyo dam yake cinyewa. Masu cewa 'yan ruwa ne ke jan mutane, ba zan yi musu da kowa a takarda ba. Ni dai laka da sanyi da tsayayyen bango sun ishe ni bayani.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne amsar yara biyun da ke gefe. Na tambaye su me ya hana su kururuwa. Suka ce sun ɗauka wasa yake yi. Gaskiya suka faɗa. Mai nitsewa ba ya ihu, don ɗan numfashin da yake samu bai isa magana ba, hannayensa kuma suna dannar ruwa ne, ba sa ɗaguwa sama. Shiru ake yi, cikin ɗan lokaci kaɗan. Ƙwaƙwalwa kuma in ta yi minti huɗu zuwa shida babu iska, ta fara lalacewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kusan 300,000 ke mutuwa a ruwa duk shekara, fiye da rabinsu ba su kai shekara 30 ba.

Ga inda zan ɓata wa wasu rai. Da muka kira gidajen yaran nan uku, babu gida ɗaya da aka san ba su dawo ba. Uwa ta ɗauka yana shagon babansa, uba ya ɗauka yana gida. Wani mahaifi da ya zo, maimakon ya tambayi lafiyar ɗansa, faɗa ya fara da mu wai me ya sa makaranta ta bar su suka fita. Alhaji, an tashi ne. Ba makarantar kwana muke da ita ba. Daga tashi zuwa magariba akwai awanni da yaro ba ya hannunmu, kuma ga alama ba ya hannun kowa. Akwai kuma gidajen da da kansu suke tura yara bakin dam ɗebo ruwa ko wanki idan famfo ya ɗauke. Na san wahalar ruwa, a unguwar nan nake kwana. Amma in dole ne a je, babba ya je, ko ya raka. Yarinya 'yar shekara tara da jarka a ka, ƙaninta yana biye, ba ita za ta tsare shi ba.

Wata uwa ta ce da ni, Malam, ai tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Haka ne, Hajiya. Amma an umarce mu mu ɗaure raƙumi sannan mu dogara ga Allah.

Kada kuma hankali ya tafi kan dam a manta da kogin Dilimi da manyan kwalbatocin unguwa. Mutanen Rikkos, Gangare da Unguwar Rogo ba sa buƙatar in tuna musu watan Yulin 2012, lokacin da ruwa ya yi ambaliya daga madatsar Lamingo cikin dare ya ci fiye da mutum 30. Yuli da Agusta su ne tsakiyar ruwanmu. Ana iya yin ruwa a kan tudu ba a yi a nan ba, rafin da yaro ya tsallaka da safe ya dawo ya tarar da shi ya cika yana gudu. Ruwa mai gudu ko iya ƙwauri ne yana kayar da yaro. Takalmin da ya faɗa kwalbati a bar shi, ni zan ba da uzurin zuwa da silifa.

Ku zaunar da yaranku daren nan ku gaya musu: idan wani ya faɗa ruwa, ba a bin sa ciki. Sau da yawa gawa biyu ake fitarwa, ta wanda ya faɗa da ta wanda ya bi shi. A yi kururuwa a kira manya. A kwanta rubda ciki a bakin ruwa a miƙa sanda, gora ko zani. A jefa jarka marar komai da murfinta a rufe, tana ɗaukar yaro. Ku kuma manya, idan an fito da shi kada a danna masa ciki ko a riƙe shi kai ƙasa wai ruwa ya fita, lokaci kawai ake ɓatawa, amai kuma ya shaƙe shi. In yana numfashi a kwantar da shi ta gefe, a cire jiƙaƙƙun kaya a lulluɓe shi. In ba ya yi, a hura masa iska ta baki, a riƙa danna tsakiyar ƙirji sau 30 ana hura iska sau 2, wani kuma ya kira lambar gaggawa ta 112 ko ya nemo abin hawa. Ko ya miƙe yana dariya a kai shi asibiti, ruwan da ya shiga huhu yakan tayar da matsala bayan awanni. Malamar lafiya, wadda ba ta taɓa gajiya da mu ba, za ta nuna wannan a aikace a taron iyaye mai zuwa. Iyaye maza, kujerunku ne kullum suke zama babu kowa.

Daga ranar Litinin, 'yan nazare zuwa aji uku ba za su fita get ba sai a hannun wanda muka sani. Idan hadari ya haɗu ko ana ruwa lokacin tashi, babu yaron da zai fita sai an ɗauke, kada a kira ni ana tambayar dalili. Malamin wasanni kuma ya sadaukar da yammacin Alhamis ɗinsa, ba tare da ƙarin ko sisi ba, zai riƙe 'yan aji huɗu zuwa shida a filin ƙwallo har la'asar. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 25 ga Yuli don faɗakarwa kan nitsewa a ruwa tun 2021, za mu ba maganar asambule ɗaya a wannan makon. Yaran uku ban dake su ba, abin da suka gani ya ishe su. Ina roƙo kada a mayar da su abin nuni a unguwa.

Sauran abubuwan waje kun san su. Duwatsun bayan makaranta suna santsi da damina, kuma kan dutse ko gindin bishiyar da ke tsaye ita kaɗai ba wurin fakewa ba ne idan ana tsawa. Ciyawa ta yi tsawo, a daina yanke hanya ta cikinta da silifa. Saran maciji ba a tsaga shi ba a tsotsa, asibiti ake nufa. Cizon kare a wanke da sabulu da ruwa mai yawa na minti 15, a je a yi allura ranar, ko da karen maƙwabci ne. Wanda ya taka ƙusa a tambaya masa allurar tetanos. Masu keke da ke sauke yara a tsallaken titi su tafi, mun fara rubuta lambobinku.

Jarrabawar ƙarshen zango tana nan yadda aka sanar. Masu ragowar kuɗin makaranta sun san kansu, ma'aji ma ya san su. Rigunan sanyi goma sha ɗaya suna ofis babu suna a jikin ko ɗaya. Muna taya malamar aji biyu murnar ƙaruwa da ta samu, Allah Ya raya. 'Yan aji shida su kawo hotuna biyu-biyu kafin Juma'a.

A ƙasan takardar nan akwai gurbin sa hannu. A rubuta sunan wanda yaro ke komawa hannunsa bayan tashi, da lambar wayar da ake ɗagawa, a dawo da ita ranar Laraba ta hannun malamin aji.

Wassalam.

Shugaban Makaranta