Takardar Koke Kan Shirin Tayar da Masu Sana'ar Hannu Daga Wurin Aikinsu

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ƙaramar Hukuma,
Ta hannun Mai Girma Hakimi.

Assalamu alaikum.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, mu marina da majema da dukawa da maƙera da masaƙa da ke aiki a layi ɗaya mun kawo kukanmu gare ka game da takardar da aka liƙa mana. Ta ba mu wa'adin wata guda mu kwashe kayanmu mu koma wani fili a bayan gari, domin za a faɗaɗa hanya.

Ba mu ƙi aikin hanya ba, mu ma ita muke bi. Mun kuma je mun ga filin da idonmu. Yana da faɗi, amma ko rijiya ɗaya babu. Da alama wanda ya zaɓe shi ya ɗauka sana'armu irin ta mai kasa kaya ce, a naɗe tabarma a ƙara gaba.

Ranka ya daɗe, rijiyar rini ba a ɗaukarta a ka. Sai an haƙa, an shafe cikinta don kada ta tsotse ruwa, an bari ta bushe. Sannan a cika ta da ruwa, a zuba baba da toka, a yi ta motsawa kwana da kwanaki har ta nuna. Marini daga wari da kumfar da ta taso yake gane ta yi. Zane kuwa kore-kore yake fitowa, sai iska ta buge shi ya koma shuɗi, a sake tsomawa, a sake ɗagawa, har ya kai yadda mai shi ke so. Majemi ma duk aikinsa a ruwa yake: ya jiƙa fata, ya tuge gashi, ya sa ta a bagaruwa, ya wanke. Ɗanyar fata ba ta jiran a kawo ruwa daga nesa, ruɓewa take yi.

An kuma ce da ƙuri'a za a raba rumfuna, kowa inda ta faɗa masa. Alhali fatar baduku daga hannun majemi take fitowa, basillarsa da wuƙarsa maƙeri ne ya ƙera, zaren masaƙi sai ya biyo ta karofi. Mai zuwa ɗinkin takalmi shi ne kan tsaya ya yi cinikin zane a rumfar maƙwabci.

Yawancinmu da kafin alƙalami muke sayen kayan aiki. Idan muka yi wata ba mu taɓa komai ba, kuɗin mutane na wuyanmu, yaran da muke koya wa kuma za su watse su nemi wata hanya. Wanda ya tafi, da wuya ya dawo. Wani ɗanmu da ya yi karatu ya nuna mana cewa yarjejeniyar shekarar 2003 ta UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa sana'ar hannu cikin fannoni 5 na gadon al'adu da ya kamata a kare, kuma abin da ta fi damuwa da shi shi ne kada ilimin ya yanke tsakanin maigida da yaronsa.

Masu karɓar haraji dai ba su taɓa ɓatan hanyar rumfunanmu ba, rasitansu na nan mun adana. Amma ranar da aka zauna kan wannan magana babu wanda ya aiko mana.

Don haka muna roƙo a dakatar da wa'adin har sai an samar da ruwa da magudana a sabon wurin. A ba marina lokacin da za su haƙa sababbin rijiyoyi su nuna kafin a cike tsofaffin, a kuma zaunar da mu rukuni-rukuni yadda muke yanzu. Muna kuma neman ka ba wakilanmu rana su zo gabanka, ko ka turo wanda ka amince da shi ya yini da mu ya ga aikin.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya yi riƙo da hannunka.

Mu ne masu biyayya,
Shugabannin sana'o'in, a madadin sauran 'yan'uwa.