Rahoton Kwamitin Gyaran Ɗakin Koyon Gina Shafukan Intanet da Abubuwan da Za a Sa Gaba

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Iyayen ƙungiya, malamanmu, ƴan uwa mambobi maza da mata, assalamu alaikum. Kwamitin da babban taro ya ɗora wa nauyin gyaran ɗakin koyon gina shafukan intanet da ke unguwar Zariya a nan Maradi yana sanar da ku cewa babban aikin ya kammala, an miƙa mabuɗi ga shugaban ƙungiya, kuma ɗalibai sun koma karatu a ciki.

Lokacin da muka karɓi ɗakin, zatonmu shi ne za a canza ƴan kwanukan da ke yoyo, a yi fenti, a tashi. Ranar da aka cire rufin ciki, sai magini ya kira mu, ya sa yatsa a jikin ɗaya daga cikin katakan da ke riƙe da kwano, yatsan ya nutse, gari ya zubo masa a hannu. Gara ta cinye katakan ta ciki ta bar ɓawo kawai. Wannan ne ya sa kwamiti ya dawo gare ku neman ƙarin gudummawa, kuma shi ne dalilin da aikin da aka yi wa lissafin wata ɗaya ya ci wata uku. An sauke rufin gaba ɗaya, mai walda ya haɗa sabon gadon rufi na ƙarfe, an ƙara tsawon bango da layi biyu na bulo domin zafi ya samu inda zai tashi, sannan an buɗe ƙananan tagogi a sama masu raga. Duk wanda ya zauna ƙarƙashin kwano a Maradi cikin watan Afrilu ko Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ya san cewa wannan ƙarin ba ado ba ne. An sake daɓen ƙasa da siminti, an toshe ƙasan ƙofa da roba saboda ƙurar hunturu, wadda muka tarar ta daskare a kan fankokin kwamfutocin har wasu sun daina juyawa.

Inda muka fi jimawa shi ne wutar lantarki. Mai aikin wutar da aka fara ɗauka ya jera dukkan soket ɗin a kan waya guda siririya, kuma a gwajin farko da aka kunna kwamfutoci 12 tare da fankoki, wayar ta ɗauki zafi har aka ji ƙaurin roba. Kwamiti ya dakatar da shi cikin mutunci, aka nemo wani ya sake jan wayoyin a layi uku. Mun kuma tuna abin da ya faru a watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take bai wa ƙasarmu, garin nan ya shafe watanni cikin ƙarancin lantarki. Saboda haka aka ɗora farantan sola a kan sabon rufin, aka haɗa su da batura da inbata, kuma aka ware layi ɗaya na musamman zuwa wani ɗan ƙaramin ɗaki da muka fitar a kusurwar gabas. A cikinsa babbar kwamfutar da ke riƙe da shafukan ɗalibai take, wadda malamai suke kira saba.

Mambobi da dama sun tambayi dalilin kashe kuɗi a kan wannan ɗan ɗaki, har wani dattijonmu ya ce, «Ƴaƴana, kwamfuta guda ce za ku gina wa ɗaki kamar amarya?» Tambayar tana kan hanya, kuma amsarta ita ce ta kai mu ga rabi na biyu na wannan rahoto, domin babban taro ya kuma umarce mu da mu ba da shawara kan abin da za a sa gaba a ɗakin bayan gyara.

Yaren rubuta shirin kwamfuta da ake koyarwa a nan shi ne Python, wanda Guido van Rossum ya fara fitarwa a 1991, kuma ana gina shafukan ne da Django, wato tarin kayan aikin gina shafuka da aka rubuta da Python, wanda ya fito a 2005. Abin da ya kamata kowa ya fahimta shi ne yare daban, injin da ke karanta shi ya aiwatar daban, kamar yadda wasiƙa ɗaya za ta iya faɗawa hannun masu karatu biyu. Injin asali sunansa CPython, an rubuta shi da yaren C, kuma shi ne kusan kowa ke amfani da shi. Akwai kuma injin madadi mai suna PyPy, wanda aka fara aikinsa a 2003. Bambancinsa shi ne yana lura da layukan da shiri ke yawan maimaitawa, sai ya juya su zuwa yaren da kwamfuta ke ji kai tsaye tun aiki na gudana, don haka shirin da ya daɗe yana aiki yakan ƙara sauri. Malamanmu sun kwaɗaitu da shi saboda sabarmu tsohuwar na'ura ce da aka ba mu kyauta, kuma ba mu da halin sayen sabuwa.

A makonnin da ake aikin fenti, malamai biyu sun gwada injinan biyu a kan shafin rajistar ɗalibai, kwamiti yana kallo. Da aka kunna PyPy, a mintunan farko shafin ya fi nauyi fiye da yadda yake a kan CPython, sai bayan an yi ta buɗe shi sannan ya saki jiki ya fara amsawa da sauri. Ana cikin haka wuta ta ɗauke, sabar ta mutu, kuma da ta dawo sai aka tarar duk abin da injin ya tara na gane layukan da ake maimaitawa ya tafi, dole ya sake farawa daga tushe. A nan ne muka gane cewa saurin wannan inji ba shi da amfani a gare mu matuƙar sabar na mutuwa sau da yawa a rana, kuma wannan shi ya sa aka ja mata layin batur nata ita kaɗai, aka kuma keɓe ta daga zafi da ƙura.

Duk da haka, kwamiti bai ga ya dace a sa sauri a gaba ba, kuma muna son mu bayyana dalili da kyau. Abin da ya fi damun mu shi ne dacewa. Yawancin kayan taimako da masu gina shafuka ke jingina da su an rubuta wani ɓangarensu da yaren C domin CPython, kuma a kan PyPy wasunsu sukan yi nauyi, wasu su ƙi shiga. Mun gamu da wannan a kan abin da ke haɗa shafin da rumbun bayanai na PostgreSQL, sai da malamai suka nemo wanda ke bi ta hanyar CFFI, wata gadar haɗa Python da C da ta dace da PyPy, kafin aiki ya tafi. Bayan haka, CPython yana fitar da sabon zubi kowace shekara a watan Oktoba, PyPy kuwa yakan biyo baya da tazara, alhali Django yana daina tallafa wa tsofaffin zubin Python lokaci bayan lokaci. Ɗalibin da ya koyi aiki a nan zai nemi abinci a Yamai, ko Katsina, ko Kano, ko ya yi wa ƴan kasuwar garin nan shafi, kuma a duk inda ya je CPython zai tarar.

Akwai kuma darasi a tarihin wani yare. Kamfanin Facebook ya gina injin madadi na yaren PHP mai suna HHVM, wanda ya yi suna wajen sauri har Wikipedia ta koma kansa a 2014. Da PHP 7 ya fito a watan Disamba na 2015 da saurin da ya kusa kamo shi, sai hujjar barin injin asali ta ragu, kuma a 2019 HHVM ya daina tallafa wa PHP ya koma ga Hack, yaren da Facebook ya ƙirƙira, waɗanda suka dogara da shi suka sake kwasar kaya. Ba mu cewa haka za ta faru da PyPy, domin masu aikinsa sun daɗe suna riƙe da shi, amma CPython ma ya ƙara sauri sosai a zubi na 3.11 da ya fito a 2022, kuma a 3.13 na 2024 an fara gwajin irin dabarar nan ta juya layuka nan take. Shawararmu ita ce a ci gaba da koyarwa da CPython a kan kwamfutocin ɗalibai, a bar PyPy a kan sabar kaɗai, kuma kada a ɗora wani shafi a kansa sai an tabbatar yana aiki daidai a kan injinan biyu. Haka nan a riƙa lura da yawan ram, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, da PyPy yake ci, domin a gwajinmu ya fi ɗan uwansa ci, kuma idan za a sayi wani abu da ragowar kuɗin gyara, to ƙarin ram ga sabar shi ne farko.

Abu na ƙarshe da muke roƙon a ba shi muhimmanci ya shafi harshenmu. Da aka buɗe jerin sunayen ɗalibai bisa tsarin haruffa, sai muka ga duk sunan da ya fara da Ɗ ko Ƙ ya faɗa can ƙasa bayan Z, a kan injinan biyu duka, saboda suna jerawa ne bisa lambar da kowane harafi ke da ita a tsarin Unicode da kwamfutoci ke gane haruffa da shi, kuma haruffanmu masu lanƙwasa, wato ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, lambobinsu na bayan na sauran. Tunda an ayyana Hausa harshen ƙasa a 2025, shafukan Hausa za su yawaita, kuma bai kamata ɗalibanmu su fita ba su san gyaran wannan ba. Malamai sun amince aikin farko na sabon zango shi ne rubuta ɗan shirin da zai jera kalmomin Hausa daidai, da Python zalla ba tare da C ba, domin ya gudana a kan kowane inji, tare da bayaninsa a rubuce da Hausa.

Cikakken lissafin abin da ya shigo da abin da ya fita yana hannun ma'aji tare da rasit ɗin siminti, ƙarfe da kayan sola, kuma kowane mamba yana da damar dubawa. Aikin da ya rage a jikin ginin shi ne indararo na bangon arewa, wanda mai walda ya yi alkawarin kafawa kafin ruwan farko ya sauka, kuma kwamiti ya wakilta mutum biyu su bibiye shi har ya gama.