Jamhuriyar Benin fa ba hanyar shinkafa kaɗai ba ce

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya tare da ma'aikatanka baki ɗaya, Allah ya ƙara basira.

Don Allah a ɗan ba ni fili in yi magana kan maƙwabciyarmu Jamhuriyar Benin, domin gaskiya duk sanda sunanta ya fito a jaridunmu to labarin bai wuce kwastan sun kama shinkafa 'yar waje ko motocin Kwatano ko jarkokin fetur, kamar dai ƙasar ba ta da wata sana'a sai fasa-ƙwauri.

To ba wai ƙarya ba ne. Shekara da shekaru tashar jiragen ruwa ta Kwatano ce ke riƙe da su, 'yan kasuwa su shigo da shinkafar Indiya da ta Tailan wadda ta fi ƙarfin cikin mutanen ƙasar nesa ba kusa ba, gwamnati ta karɓi harajinta, sauran kuma ta ɓarauniyar hanya sai kasuwannin Najeriya. Kayan Nijar ma nan ake sauke su, tireloli su bi ta Parakou su zo Malanville su haye gada zuwa Gaya sai Dosso da Yamai. Shi ya sa da Buhari ya rufe boda a watan Agustan 2019 har zuwa Disambar 2020 suka ji a jikinsu. Ba su gama farfaɗowa ba Tinubu ya cire tallafin mai a Mayun 2023, fetur ɗin kwalba da ake sayarwa bakin titi wanda suke kira kpayo ya yi tashin gwauron zabi, bayan wata biyu kuma aka yi juyin mulki a Nijar aka rufe gadar Malanville, ECOWAS ta janye takunkumi a 2024 amma Nijar ta ƙi buɗe nata ɓangaren, kaya suka koma bi ta Lome da Burkina Faso, talakawa kuma sai kwale-kwale. Ko bututun man da 'yan China suka ja daga Agadem ta Nijar zuwa Seme a gaɓar tekun Benin, kusan kilomita 2,000, sai da rigimar ta shafe shi.

Amma abin da nake so masu karatu su sani shi ne auduga. Duk wanda ya taɓa bin yankin Kandi da Banikoara a arewacin ƙasar da kaka zai ga tulin farar auduga a bakin ƙauyuka ana jiran mota. Ƙasar da mutanenta ba su kai na jihar Kano ba, wajen miliyan 14, amma akwai shekarun da ta noma sama da tan 700,000, ta shiga sahun gaba a Afirka tana kafaɗa da kafaɗa da Mali. Patrice Talon ɗin da ya hau mulkin ƙasar a 2016 ai da audugar ya yi kuɗi tun kafin ya shiga siyasa. Matsalar ita ce da an gurje ta sai a ɗaure a loda a jirgi zuwa Bangaladash, can ake saƙawa, can ake ɗinkawa, can ribar take.

Wannan ne suka tashi gyarawa. Sun buɗe unguwar masana'antu a Glo-Djigbé, kamar kilomita 45 daga Kwatano, haɗin gwiwa da kamfanin Arise, ana kaɗa zare ana saƙa ana ɗinka riguna har ana kai wa shagunan Amurka da Faransa, ana kuma ɓare yazawa da sarrafa waken soya. Daga 2024 ma suka hana fitar da ɗanyen yazawa da soya wai dole a sarrafa su a gida.

Ni dai ban ce komai ya yi daidai ba fa. Manoma na kuka cewa tunda aka hana su sayar wa 'yan waje farashi ya faɗi, mai saye ya zama ƙalilan, abin da ya yanka maka shi za ka karɓa, wasu har satar hanya suke su tsallako da soya wajenmu. Kuma har yanzu audugar da ake saƙawa a gida kaɗan ce in aka kwatanta da wadda ke fita, talauci kuma yana nan musamman a arewacin ƙasar inda matsalar tsaro ta fara shiga. Sai dai wallahi abin na ba ni takaici in na tuna mu ne muke da masaƙu irin su KTL tun 1957 da UNTL da Arewa Textiles a Kaduna, ga audugar Funtuwa da Gusau, yau duk an kulle sai ciyawa.

Roƙona Malam Edita, ku tura wakilinku ya je Glo-Djigbé ɗin ya gano mana nawa ake biyan yaran da ke ɗinki, ya tambayi manoman Banikoara sefa nawa suke sayar da kilo da yadda ake ba su taki bashi, in ya sauka Kwatano ya nemi unguwar Zango, Hausawa ne cike ba zai rasa masauki da tafinta ba.

Na gode, a huta lafiya.

Naka mai karatu,
daga Kamba, jihar Kebbi