Amsa ga Yallaɓai kan zargin farautar tallafi

Yallaɓai, assalamu alaikum.

A shirin rediyo ka ambaci sunana, ka ce in fito in gaya wa iyaye: darasin nan da nake sa ɗalibai su nemo matsala su ƙera mata mafita, zai ci musu WAEC ne, ko tallafin Turawa nake farauta? Batun WAEC bai dame ni ba, sakamakon ɗalibaina yana ofishin shugaban makaranta. Maganar kuɗi ce ta sosa mini rai. Kwalin da yaran ke yankawa da albashina nake saye, kuma da ka tako makarantar kafin ka hau makirufo, da ka gani da idonka.

Ban taɓa ɓoye asalin tsarin ba, wanda a Turance ake kira design thinking. Kamfanin IDEO da Jami'ar Stanford ta Amurka ne suka yayata shi: ka saurari mai matsala, ka gano ainihinta, ka ƙera samfuri mai arha, ka gwada, ka gyara. To, me Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ya yi in ba wannan ba? Ya ga kayan gwari na ruɓe wa manoma, ya sa tukunya cikin tukunya, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi. Ruwan na ƙafewa yana janye zafi, gauta ya kai kwana 27 maimakon 3. A 2000 aka ba shi lambar yabo ta kamfanin agogo na Rolex. Shi ma farauta ya fita?

'Yan SS2 na tura su binciko cunkoson famfo lokacin tara. Kowa ya rantse ƙarin famfo ake buƙata. Da suka tsuguna suka tambayi 'yan JSS1, sai ta bayyana manya ne ke bangaje su, su koma aji da ƙishirwa. Suka yi katin layi, ya ƙi aiki. Suka raba lokaci aji aji, aka samu sauƙi. Yarinyar da ba ta taɓa ɗaga hannu a aji ba, ita ta jagoranci tambayoyin.

Kana cikin masu duba makarantu lokacin da tsarin 6-3-3-4 ya fara a 1982, injinan Introtech, darasin fasaha na ƙaramar sakandare, suka yi tsatsa cikin akwatuna a makarantu da yawa, babu lantarki, babu mai koyarwa. Ban ji ka tambayi kowa a rediyo ba. Sai ƙaramin malami mai kwali da almakashi ka ga ya dace ka tsare.

Ina roƙonka, da girmanka, ka janye maganar kuɗin nan a gidan rediyon da ka faɗe ta.

Wassalam.