Wasiƙa zuwa ga 'yata kan digiri na biyu a fannin gandun daji

Assalamu alaikum Mamana,

Da fatan kina lafiya, ya hidimar ƙasa? Mahaifiyarki da ƙannenki suna gaishe ki. Saƙonki ya iso, kin ce kin rasa na zaɓa tsakanin gandun daji, namun daji, kifi da kimiyyar katako. Tun da kin nemi shawarata, ga abin da aikin malamin daji ya koya mini.

Kafin sunan jami'a ya ɗauke miki hankali, ki nemi malamin da zai duba bincikenki. Darussan aji ba sa daɗewa, sauran duk bincike ne, kuma shi ne zai sa ki gama a kan lokaci ko ki yi ta sintiri a ƙofar ofishinsa. Ki karanta abin da ya wallafa, ki tambayi waɗanda suka gama a hannunsa, ki kuma bincika ko yana da aikin da aka ware wa kuɗin shiga daji.

Ni dai da za ki bi tawa, itatuwan gona na ƙasa mai ƙarancin ruwa za ki karanta. A Ibadan aka buɗe sashen gandun daji na farko a jami'o'in Najeriya a 1963, kuma ilimin ya taso ne a gindin kurmin kudu da harkar katako. Mu kuwa arzikinmu gawo ne da ɗorawa da kuka da kaɗanya da dakwara mai ba da ƙaro, waɗanda ke tsaye a tsakiyar gero da dawa. Mun yi shekaru muna raba dashe duk damina, kafin bazara awaki da fari sun cinye mafi yawansu. Amma a Maraɗi, tun cikin shekarun 1980, manoma suka fara barin tohon kututture idan sun zo sharar gona, suna rage rassa su bar masu ƙarfi su tashi. Sassabin zamani suke ce masa. Da wannan dabara aka farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a Nijar, ba tare da wani gidan rainon dashe ba. Abin da ya fi taimakawa shi ne manomi ya tabbata itacen nasa ne, ba za a ci shi tara ba don ya sare reshe. To me ya hana abin ya bazu haka a Katsina da Jigawa, alhali yanayin ƙasar ɗaya ne, harshe ɗaya? Wannan tambaya kaɗai ta isa digiri, har ta kai ki na uku. Ki leƙa Cibiyar Binciken Noma a Busassun Yankuna ta Jami'ar Bayero, da kuma Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Hukumar Babbar Koriyar Ganuwa mai yaƙi da kwararowar hamada, da aka kafa a 2015, tana aiki a jihohi 11 na arewa, kuma irin wannan aiki na buƙatar wanda ya iya ƙididdiga da karanta hotunan tauraron ɗan'adam. Ko wane fanni kika ɗauka, kada ki fito ba ki iya waɗannan biyun ba.

Na san zuciyarki tana wajen namun daji. Idan haka ne, cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke dajin Amurum kusa da Jos tana ba da digiri na biyu tare da Jami'ar Jos, kuma horonta mai kyau ne. Ga fadamun Haɗejiya da Nguru, inda tsuntsaye ke sauka daga Turai, ga giwayen Yankari. Sai dai ina roƙon ki, kada ki karɓi binciken da zai kai ki dajin da babu tsaro, irin su Kamuku. Hankalina ba zai kwanta ba.

Kifi shi ya fi saurin ba mutum sana'ar kansa. Masu kiwon tarwaɗa kukansu ɗaya ne, tsadar abincin kifi, don haka duk wanda ya gano yadda za a haɗa mai araha daga kayan gida ba zai rasa masu nemansa ba. Cibiyar binciken kifin ruwan daɗi tana New Bussa, bakin tafkin Kainji. Katako kuwa Akure da Ibadan ne gidansa, kuma ayyukansa sun fi yawa a kudu, sai ki auna ko za ki iya zaman can.

Game da waje, jami'o'in Dresden da Göttingen a Jamus suna koyar da gandun dajin ƙasashe masu zafi da Turanci, hukumar DAAD ta Jamus mai taimaka wa ɗalibai kuma tana ba da tallafi. Ki nema, ban hana ki ba, amma ki roƙi a bar ki ki zo gida ki tattara bayanan bincikenki.

Ki yi istihara, sannan ki turo mini sunayen malaman da kika samo mu duba tare kafin a rufe sayar da fom. Kuɗin fom ɗin yana wuyana. Allah ya yi miki albarka, ya zaɓa miki mafi alheri.

Mahaifinki